Mai Keɓe Iri Ya Ƙirga Zangarniya, Kada Ya Ƙirga Mudu

Ga kaka ta ƙarato. Gero ya nuna, dawa tana bin bayansa, hankalin kowa ya koma ga yawan daman da zai ɗaure. Amma akwai wani ɗan aiki da a ke yi a ƙarshen girbi wanda ba ya cin ko rabin yini, shi ne kuwa ke nuna yadda gona za ta kasance shekaru da yawa nan gaba. Wannan aiki shi ne keɓe iri.

Yadda mutane da yawa su ke yi, sai an kwaso amfani an jibge a bakin rumbu, sa'an nan maigida ya sa hannu ya zaro zangarniyar da ta fi tsawo da kauri, ya tara har ya ga abin da ya tara zai cika mudun da gonarsa ke ci. Da ya ga ya isa, shi ke nan, sai ya ɗaure ya rataye. Mai masarar bayan gida kuwa goyo biyar ko shida ya ishe shi. Wani ma tafiya zai yi ya ga dawar da ta ba shi sha'awa, ya roƙi zangarniya biyu ya kawo gida ya yaɗa, bayan shekara uku rabin unguwa daga wurinsa suka sami iri.

To, a nan akwai gyara. Mudu guda da aka sussuko daga zangarniya 20, da mudu guda da aka tsakuro daga zangarniya 200, awonsu ɗaya ne a kasuwa, amma a gona akwai bambanci mai yawa tsakaninsu. Abin da ya kamata mai keɓe iri ya riƙa ƙirgawa shi ne yawan iyayen da irin ya fito daga gare su. Dalilin haka yana cikin wani ilmi da masana suka yi fiye da shekara ɗari suna bi, watau ilmin yadda gado ke yawo cikin taron shuka ko garken dabbobi. Ilmin ba shi da wuya. Duk wanda ya iya lissafin riba da faɗuwa zai iya bin sa.

Ƙwayar Gado

Kowa ya san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma yadda gadon ke sauka, wani malamin coci ne mai suna Gregor Mendel ya fara bayyana shi da lissafi. A garin Brno ya zauna, cikin ƙasar da yanzu a ke kira Cek, ya yi shekaru yana shuka wani irin wake na ƙasar Turai a lambu. Ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan suka fito duk dogaye, sai ka ce gajarta ta ɓace. Da ya shuka 'ya'yan waɗannan, sai ga gajarta ta komo. Ya ƙirga dogaye 787, gajeru 277, watau kusan uku bisa ɗaya. Ya buga abin da ya gani cikin 1866, ba wanda ya kula sai cikin 1900.

Abin da aka gane daga nan shi ne, kowane hali na shuka, ko tsawo, ko launi, ko saurin nuna, ko jure cuta, akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi a jikinta da ke ɗauke da shi. Su a ke kira ƙwayoyin gado. Bibbiyu su ke zama, ɗaya daga wajen uwa, ɗaya daga wajen uba. Uwa ita ce zangarniyar da ta yi ƙwaya, uba kuwa shi ne karan da iska ta kwaso bununinsa ta zuba mata. Ƙwayar gado ta hali ɗaya tana iya zama iri biyu ko fiye, kamar ta tsawo da ta gajarta. Wata mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai halinta ya bayyana. Wata kuwa mai laɓewa ce, ba a ganin halinta sai ta gamu da 'yar'uwarta, watau an gaje ta daga uwa, an kuma gaje ta daga uba.

Saboda haka abin da ido ke gani a zangarniya rabin labari ne. Tana iya zama kyakkyawa sumul, alhali tana riƙe da wani aibi a ɓoye. Tana kuma iya zama ba ta da wani kyan gani, amma tana riƙe da abin da zai ceci gona ran da ruwa ya ɗauke da wuri.

Lissafin Buhu

Da aka farfaɗo da aikin Mendel sai waɗansu suka ce, in haka ne, ai ƙwaya mai rinjaye za ta yi ta cin mai laɓewa kowace shekara har ta ƙare ta. Cikin 1908 mutum biyu suka nuna ba haka abin ya ke ba. Ɗaya Hardy, malamin lissafi a Kambirij ta Ingila, ɗaya Weinberg, likita a Jamus. Ba tare suka yi aikin ba, kowa da kansa ya gano, shi ya sa a ke kiran ƙa'idar da sunansu su biyu.

Ga misalinta. A ɗauki gonar masara duka kamar buhu ɗaya ne aka zuba ƙwayoyin gadonta a ciki. A ce cikin kowane 100, 90 farin wake ne, 10 jan wake. Farin shi ne ƙwayar lafiya mai rinjaye. Jan kuwa a ce ƙwayar nan ce mai laɓewa da ke sa tsiro ya fito fari fat ba kore a jikinsa. Manoma sun san shi, yakan tsiro tare da 'yan'uwansa, bayan mako biyu ko uku abincin da ke cikin ƙwayar ya ƙare, ya mutu. To, a sa yaro ya rufe ido ya riƙa zaro wake bibbiyu, kowane biyu tsiro ɗaya ke nan. In ya yi ta yi, cikin kowane tsiro 100 za a sami kimanin 81 fari da fari, 18 fari da ja, 1 tak ja da ja. Lissafin shi ne 9 sau 9, da 9 sau 1 har sau biyu, da 1 sau 1.

A duba da kyau. Manomi ya zagaya gonarsa ya ga farin tsiro guda ɗaya cikin ɗari, ya ce abin bai taka kara ya karya ba. Ashe akwai 18 da ke tsaye kore shar, kowanne yana goye da aibin. Cikin jajayen ƙwayoyi 20 da ke cikin tsiron nan 100, biyu kaɗai suka fito fili.

Abin da Hardy da Weinberg suka nuna shi ne, muddin gonar tana da yawa, bununi yana gauraya ko'ina ba zaɓe, ba wanda ya ƙara wani abu a buhun, ba wanda ya rage, to, kason nan na 90 da 10 haka zai zauna kowace shekara. Rinjaye ba ya sa ƙwaya ta yawaita, laɓewa ba ya sa ta ƙare. Kason ba ya motsawa sai wani abu ya motsa shi.

Ko a wajen farin tsiron nan da ke mutuwa da kansa, raguwar a hankali ta ke. In bana jan ƙwaya ɗaya ce cikin 10, baɗi ɗaya ce cikin 11, baɗin baɗaɗa ɗaya cikin 12. Sai an yi damina 10 kafin ta koma ɗaya cikin 20. Wannan shi ya sa mutum zai yi shekaru yana tuge mugun kara a gonarsa, amma kowace damina sai ya ga wani ya ɓullo, har ya fara zargin maƙwabci ko mai sayar da iri. Sau da yawa ba laifin kowa, abin a cikin irinsa ya ke a kwance.

Abin Da Geron Nijar Ya Yi

Abubuwan da ke motsa kason ƙwayoyin gado huɗu ne. Akwai zaɓe, ko na manomi ko na yanayin ƙasa. Akwai shigowar baƙon bununi ko baƙon iri. Akwai sauyin da ƙwaya kan yi da kanta, wannan jefi jefi ne ƙwarai. Sai kuma na huɗu, watau katari, abin da ke faruwa in an ɗebi iri daga iyaye kaɗan.

Zancen zaɓe an ga aikinsa a fili a ƙasar Nijar. Cikin 1976 masu bincike suka bi ƙauyuka suka karɓi geron manoma suka adana. Cikin 2003 aka koma ƙauyukan nan, su 79, aka sake karɓa. Tsakanin waɗannan shekaru an sha fari, musamman na 1984, damina ta yi ta gajarta. Masana na Nijar da na Faransa suka shuka tsohon geron da sabon a gona ɗaya, kusa da juna, don su gwada. Abin da suka samu an buga shi cikin 2011.

Sunayen irin ba su sake ƙwarai ba, galibin manoma suna nan da irin da suka gada. Amma geron 2003 ya riga na 1976 fitar da kai, karansa ya ɗan rage tsawo, zangarniyarsa ma haka. Da aka duba wata ƙwayar gado da ke sa gero saurin fure, sai aka tarar a 1976 kusan 10 ce cikin 100, a 2003 ta kai kimanin 18. Cikin shekara 27 ta kusa ninkawa.

Ba wanda ya ƙera wannan ƙwaya sabuwa. Tana nan cikin geron tun da, ba ta da yawa ne kawai. Da damina ta gajarta, karan da ke da ita su suka riƙa samun cika ƙwaya kafin ruwa ya ɗauke, su suka fi shiga rumbu, su suka fi komawa gona. Gero ya gyara kansa da abin da ke cikinsa. Da a ce an riga an tace irin nan tun da fari har ƙwayar ta fita sarai, da babu abin da fari zai tarar ya zaɓa.

Akwai kuma abin lura ga mai zaɓen iri a bakin rumbu. A gwajin nan saurin nuna tare ya zo da gajartar zangarniya. Wanda kullum doguwa kaɗai ya ke zara, yana iya yin shekaru yana zubar da mai saurin nuna bai sani ba, gama a bakin rumbu ba a gane wadda ta riga wata nuna.

Ɓarnar Katari

Yanzu sai a komo ga zangarniya biyun nan ta matafiyi, da goyo biyar na mai masara. Kowane ɗan kasuwa ya san in zai sayi buhun wake ba ya ɗaukar ƙwaya biyar ya ce ya ga buhu. Sai ya zura hannu sama da ƙasa da tsakiya, domin ƙwaya biyar tana iya ruɗinsa. Haka zancen iri ya ke.

A ɗauki dawa, domin ita galibi kowace zangarniya da bununinta ta ke barbarar kanta, saboda haka 'ya'yanta kamarta su ke fitowa. A ce cikin gona akwai wani hali mai amfani, kamar jure ƙuduji ko jure wata cuta, amma kara ɗaya ne cikin 20 ke da shi, ba a kuwa gane shi da ido a shekarar da cutar ba ta zo ba. In mutum 100 suka shiga gonar, kowa ya ɗebi zangarniya 5, lissafi ya nuna kimanin 77 daga cikinsu za su fita ba ko ɗaya mai wannan hali a hannunsu. In 20 kowa ya ɗiba, masu rasawa kimanin 36 ne. In 60 ne, kimanin 5. In kuwa kowa ya ɗebi 100, da ƙyar a sami mutum ɗaya da ya rasa.

Wanda ya rasa kuwa ya rasa ke nan. Ko irin nan ya yaɗu ya cika eka hamsin, abin da ba ya cikin zangarniya biyar ɗin farko ba zai tsiro daga ƙasa ba. Yawan buhu ba ya mayar da gadon da ya zube.

Katari ba rage alheri kaɗai ya ke yi ba, yana kuma ɗaga aibi. A koma ga masarar nan mai jan ƙwaya 10 cikin 100. Mutum ya ga wani goyo ƙato, ya ce daga shi kaɗai zai yi iri. An riga an ga kusan kara ɗaya cikin biyar yana goye da aibin a ɓoye. In ya yi rashin sa'a uwar goyon tana cikinsu, to, shukarsa ta fari farin tsiro zai tashi daga 1 cikin 100 ya koma 5. In babu wata gonar masara kusa, 'yan uwa ɗaya za su yi ta barbarar juna, shuka ta biyu ya kusa 7. Ba kuwa farin tsiro kaɗai ke laɓe ba, akwai ƙananan aibobi da yawa da ba su kashe shuka, sai dai su rage mata ƙarfi. Shi ya sa masarar da aka daɗe a na juya ta daga goyo kaɗan takan ƙanƙance, mai ita ya ce iri ya gaji. Makiyaya sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ba su barin bijimi ɗaya ya daɗe yana hawan 'ya'yansa.

Ranar Da Cuta Ta Zo

Gona mai gado ɗaya tana da kyan gani, kai ɗaya, tsawo ɗaya, rana ɗaya ta ke nuna. Amma abin da ya kayar da kara ɗaya shi zai kayar da sauran duka.

Manoman Amurka sun ɗanɗana wannan cikin 1970. Kamfanonin iri sun sami wata uwar masara da ke sauƙaƙa musu aikin haɗa iri, suka yi ta amfani da ita, har aka wayi gari kimanin 85 cikin 100 na masarar ƙasar suna da gado ɗaya ta wajen uwa. Sai wata cutar ganye ta ɓullo wadda wannan gado ba ya iya jure mata. Cikin damina ɗaya ƙasar ta yi hasarar kimanin 15 cikin 100 na masararta, a waɗansu wurare na kudu kuwa rabi ko fiye. Ga taki, ga injuna, ga masana, duk ba su hana ba.

A gida ma akwai labarin da tsofaffi ba su manta ba. Cikin 1975 kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta auka wa arewacin Nijeriya ta lalata kimanin hekta 700,000. Tana cikin abubuwan da suka karya noman gyaɗa, bayan da dalar gyaɗa ta sa Kano ta yi suna a duniya. Maganin kuwa daga gonakin talakawa ya fito. Tun a farkon shekarun 1950 cutar ta faɗa wa gonar gwaji ta Bambey a Senegal, inda aka tara gyaɗa iri iri. Ta cinye kusan duka, sai waɗansu kaɗan suka tsaya, waɗanda aka karɓo daga manoman kan iyakar Burkina Faso da Kodebuwa. Da aka bincika sai aka ga ƙwayoyin gadon da suka kare su masu laɓewa ne. Daga waɗannan aka samo tushen gyaɗa mai jure cutar, wadda gidajen binciken gona, har da na Samaru, suka yi aiki da ita daga baya. Mutanen da suka riƙe gyaɗar nan shekara da shekaru ba su san suna yi wa ƙasashe da yawa ajiya ba.

Abin Da Wani Zai Ce

Wani zai ce, to, ashe a daina zaɓen iri ke nan, a shuka duk abin da hannu ya kai? A'a. Zaɓe shi ya mai da ciyawar daji ta zama gero, shi ne kuma aikin da masana ke yi a gidajen bincike. A zaɓa, amma a zaɓa da yawa. Gona mai kara dubu ashirin ba za ta rasa 200 masu kyau ba. Bambancin kyau tsakanin biyar na farko da ɗari biyu na farko kaɗan ne, kuma mafi yawansa ba na gado ba ne. Zangarniyar da ta fi kowace girma sau da yawa a kan tsohon juji ta tsiro, ko inda shanu suka kwana, ko a bakin gona inda ba ta da abokin takara. Takin ne ya yi ta, 'ya'yanta kuwa ba su gadon taki.

Wani kuma zai ce, ai yanzu ga ingantaccen iri daga Samaru, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri, da gidan binciken Sadore kusa da Yamai, ina amfanin wahala da irin kaka da kakanni? Gaskiya ne, sabon iri da yawa ya fi na gida yabanya da saurin nuna, wanda ya ƙi shi ɗungum ya cuci kansa. Amma masanan nan ba daga sama suka samo shi ba, daga irin manoma suka tsamo shi, can kuma za su koma nema in sabuwar cuta ta zo. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya karɓi sabo, ya bar wa na gida wani yanki, ya nisanta su kaɗan. Sai dai a bambanta iri biyu. Akwai wanda a ke iya juyawa shekara biyu ko uku. Akwai kuma wanda a ke kira haibirid, watau an haɗa uwa ɗaya da uba ɗaya aka sami 'ya'ya masu ƙarfi. Shi wannan in an sake shuka abin da ya haifa, halayen da ke laɓe sai su warwatsu su fito, daidai yadda gajarta ta komo wa Mendel, yabanya ta ragu. Mai sayensa ya san kowace shekara sai ya sayi sabo.

Sai zancen shibra. Ita ce ke nuna aikin baƙon bununi. Gero ba kamar dawa ba ne, kansa yakan shirya karɓar bununi tun nasa bai fito ba, saboda haka galibi na maƙwabta ya ke karɓa. Shibra kuwa jinin geron daji ke gare ta, ƙwayarta ƙanana, tana kuma zubewa ƙasa da kanta ta tsiro baɗi. Waɗansu sukan bar ta da gangan domin tana riga gero nuna, a sami abin sawa a baka lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, mai yunwa ba a yi masa dogon lissafi. Amma a sani kowace shibra da ta yi bununi tana zuba gadonta cikin buhun gonar. In ba za a iya tuge ta duka ba, a tsabtace ko da yankin da za a ɗebi iri, tun ba ta yi bununi ba.

Yadda Ya Kamata A Yi

A keɓe iri a gona tun ba a yi girbi ba, lokacin da a ke ganin kara da ganye da zangarniya gaba ɗaya. A nan ne a ke sanin wanda ya riga nuna, da wanda ƙuduji ya kewaye amma bai kwanta ba, da wanda cuta ta bi maƙwabtansa ta bar shi. A bar kunyoyin bakin gona, domin su suka fi shan baƙon bununi. A ratsa gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ɗiba a tudu, a ɗiba a kwari, a sa alama da tsumma ko a ɗaure ganye. Dawa kada ta gaza zangarniya 100. Gero da masara, tun da barbarar juna su ke yi, a nemi 200 in gona ta kai.

In iri ya yi wa gona yawa, kada a rage yawan zangarniya. A tsakuri kaɗan daga kowace, gwargwado ɗaya, a gauraya, sauran a kai turmi. Mai ɗan fili a bayan gida wanda masararsa duka ba ta kai goyo 200 ba, ya haɗa kai da maƙwabta masu iri ɗaya da nasa, kowa ya kawo nasa a gauraya a raba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A kuma riƙa rage wani abu daga irin bana a ajiye a wuri busasshe, don in shukar fari ta ƙone, ko shekara ta ɓaci, kada a koma farawa daga ɗan abin da ya tsira.

'Yan kasuwa ma suna da nasu rabo. Bayan shekarar fari mutane da yawa sun cinye irinsu, kasuwa su ke dosa. Hatsin da aka ɗauko daga ƙasa mai doguwar damina, in aka sayar wa mutumin arewa da sunan iri, zai yi kara ya yi ganye, ruwa ya ɗauke bai fitar da kai ba. Mai awo ya san inda hatsinsa ya fito, ya kuwa faɗi gaskiya in an tambaye shi, ya ware na ci dabam, na shuka dabam. Ma'aikaci kuma da ke aika kuɗin noma gida daga birni, in ya je ganin gona da kaka, yakan tambayi dami nawa aka ɗaure. To, bana ya ƙara da tambayar daga zangarniya nawa aka ɗebi irin baɗi. In aka ce masa goma, ya sa yara su koma gona tun ba a kwantar da kara ba.